Gasar Formula One ta Duniya ta 2021

Gasar Formula One ta Duniya ta 2021 ita ce karo na 72 na babbar gasar tseren motoci da hukumar FIA ke kula da ita. An yi tsere 22, daga ranar 28 ga Maris a Bahrain zuwa ranar 12 ga Disamba a Abu Dhabi. Max Verstappen, ɗan ƙasar Holan mai tuƙa wa Red Bull, shi ya ɗauki kambin direbobi da maki 395.5, ya doke Lewis Hamilton na Mercedes, ɗan Birtaniya, wanda ya samu 387.5. Mercedes kuwa ta riƙe kambin ƙungiyoyi karo na takwas a jere. Ana tuna kakar da takarar da direbobin biyu suka yi har zagayen ƙarshe, da kuma ce-ce-ku-cen da ya biyo bayan yadda aka yi amfani da dokoki a wannan zagaye.

Tsarin gasa da jadawali

Ƙungiyoyi goma ne suka shiga, kowace da motoci biyu. Wanda ya zo na ɗaya a tsere yana samun maki 25, na biyu 18, na uku 15, haka har zuwa na goma mai maki ɗaya. A wannan shekara aka fara ƙayyade kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe, wato dala miliyan 145. An kuma gwada gajeren tsere na kimanin kilomita 100 a ranar Asabar a wurare uku, Silverstone da Monza da Sao Paulo, kuma sakamakonsa ne ke nuna inda kowa zai tsaya a layin tashi ranar Lahadi.

Da farko an tsara tsere 23, amma annobar korona ta sa aka soke na Ostareliya, Sin, Kanada, Singafo da Japan. An cike giɓin da tsere a Fotugal da Turkiyya da Katar, aka kuma yi biyu a Ostiriya. Katar da Saudiyya sun karɓi baƙuncin gasar a karon farko, Holan kuma ta dawo jadawali bayan rabonta da shi tun 1985.

Farkon kaka

Tun daga 2014 direbobin Mercedes ne kaɗai ke cin kambin, kuma Hamilton ya shigo yana neman na takwas, wanda zai sa ya zarce Michael Schumacher. Ya ci uku daga cikin tsere huɗu na farko. Verstappen ya yi nasara a Monako ya hau saman teburi, karon farko a rayuwarsa. A Baku tayarsa ta baya ta fashe yana kan gaba, saura zagaye kaɗan a gama. Da aka sake tashi, Hamilton ya yi kuskure da birki a kwanar farko ya fita daga hanya, Sergio Perez na Red Bull ya ci tseren. Daga nan Verstappen ya ci uku a jere a Faransa da Ostiriya, tazararsa ta kai maki 32.

Karo tsakanin manyan biyu

A Silverstone, ranar 18 ga Yuli, motocin biyu suka gogi juna a kwanar Copse a zagayen farko. Motar Verstappen ta daki shingen tayoyi da ƙarfi ƙwarai, aka kai shi asibiti don a duba shi. Alƙalan tsere sun ɗora wa Hamilton mafi yawan laifin, suka ci shi tarar daƙiƙa goma, amma duk da haka ya ci tseren. Red Bull ta ce hukuncin ya yi sauƙi, ta nemi a sake dubawa, ba a amince ba. Bayan tseren an yi ta yi wa Hamilton zagin wariyar launin fata a shafukan sada zumunta, abin da FIA da ƙungiyoyin biyu suka yi tir da shi.

A Monza, ranar 12 ga Satumba, suka sake haɗuwa. Motar Verstappen ta yi sama ta sauka a kan ta Hamilton, tayar baya ta bi ta saman kansa. Ƙarfen kariya da ke kewaye da kan direba, wanda ake kira halo kuma aka wajabta shi tun 2018, shi ya tare nauyin motar. Dukansu sun fita daga tseren, kuma a wannan karo Verstappen aka hukunta.

Nasarorin da ba a zata ba

A Hungari, bayan wani hatsari a kwanar farko ya lalata motoci da dama, Esteban Ocon na Alpine ya ci tserensa na farko, tare da taimakon abokin tuƙinsa Fernando Alonso wanda ya tare Hamilton na zagaye da yawa. A Monza, Daniel Ricciardo da Lando Norris sun zo na ɗaya da na biyu, nasarar McLaren ta farko tun 2012. A Sochi ta Rasha, Norris na kan gaba aka fara ruwa gab da ƙarshe. Bai shiga ya sauya tayoyi a kan lokaci ba, ya ƙare na bakwai. Hamilton ya ci wannan tsere, ya zama direba na farko da ya kai nasara 100.

Tseren Beljiyam

Ranar 29 ga Agusta ruwan sama ya hana yin tsere a Spa. Bayan jiran sa'o'i, motocin suka yi 'yan zagaye a bayan motar tsaro, wato motar da ke shiga gaba ta rage gudu idan akwai haɗari, kuma ba a wuce juna a bayanta. Daga nan aka tsayar, aka raba rabin maki: Verstappen na ɗaya, George Russell na Williams na biyu, Hamilton na uku. Wannan ne asalin rabin makin da ke cikin jimillar ƙarshe. An soki matakin sosai, kuma daga baya FIA ta gyara dokar raba maki a tseren da bai kammala ba.

Tsere huɗu na ƙarshe

Bayan nasara a Amurka da Meziko, Verstappen na gaba da maki 19. A Sao Paulo an soke sakamakon Hamilton na gwajin share fage saboda fiffiken bayan motarsa ya saɓa ƙa'ida. Ya fara gajeren tsere daga na ƙarshe ya ƙare na biyar, aka mayar da shi na goma saboda sauya inji, sannan ya ci babban tseren. Ya ƙara da Katar, ya kuma ci na Jidda, inda aka tsayar da tsere sau biyu, ya kuma daki bayan motar Verstappen lokacin da aka umarci Verstappen ya ba shi hanya. Suka isa Abu Dhabi kowa da maki 369.5, kunnen doki irin wanda ba a gani ba a tseren ƙarshe tun 1974.

Abu Dhabi

Verstappen ne ya tashi daga gaba, amma Hamilton ya wuce shi tun farko ya ba shi tazara. Saura zagaye biyar cikin 58, Nicholas Latifi na Williams ya daki bango, aka fito da motar tsaro. Verstappen ya shiga ya sa sababbin tayoyi masu taushi. Hamilton bai shiga ba, don kada ya rasa matsayinsa, ya zauna da tsofaffi.

Bisa al'ada, motocin da aka riga aka zagaye ana barin su duka su wuce, sannan motar tsaro ta ƙara zagaye ɗaya kafin ta fita. Da an bi haka, da tseren ya ƙare a bayanta. Daraktan tsere Michael Masi ya bar motoci biyar kawai, waɗanda ke tsakanin Hamilton da Verstappen, suka wuce, ya kuma janye motar tsaro a wannan zagayen. Saura zagaye ɗaya, Verstappen ya wuce Hamilton a kwana ta biyar ya zama zakara yana da shekara 24.

Abin da ya biyo baya

Mercedes ta shigar da ƙorafi biyu a daren, aka yi watsi da su, kuma ranar 16 ga Disamba ta fasa ɗaukaka ƙara. Latifi ya bayyana cewa an yi masa barazanar kisa ta intanet. A watan Fabrairun 2022 aka cire Masi daga muƙaminsa. Rahoton FIA na watan Maris ya danganta lamarin da kuskuren ɗan Adam, ya ce Masi bai yi da mugun nufi ba, ya kuma tabbatar da sakamakon. An gyara dokar ta fayyace cewa dukkan motocin da aka zagaye ne za su wuce. A watan Oktoban 2022 aka samu Red Bull da wuce iyakar kashe kuɗi ta 2021, aka ci ta tarar dala miliyan 7 tare da rage mata kashi 10 cikin 100 na lokacin gwajin iska.

Sakamako

Verstappen ya ci tsere 10, Hamilton 8, sai Perez, Ocon, Ricciardo da Valtteri Bottas kowa ɗaya. Verstappen ne ɗan Holan na farko da ya zama zakara, kuma na farko da ya yi hakan da injin Honda tun Ayrton Senna a 1991. Kimi Raikkonen, zakaran 2007, ya yi ritaya a ƙarshen kakar.

Direbobi: Verstappen 395.5, Hamilton 387.5, Bottas 226, Perez 190, Carlos Sainz 164.5.

Ƙungiyoyi: Mercedes 613.5, Red Bull 585.5, Ferrari 323.5, McLaren 275.