Daga Bauchi Zuwa Lambeth: Tarihin Saɓanin Coci-coci Kan Masu Neman Jinsi Ɗaya

Da yawa daga cikinmu mun sha jin labari a rediyo cewa coci-coci sun rabu biyu kan batun masu neman jinsi ɗaya, sai mu ɗauka rigimar Turawa ce can tsallaken teku. Amma idan aka bi sawun tarihin, za a tarar ya ratsa ta Bauchi da Gombe da Jos da Taraba. Tunda muna zaune da Kiristoci a Azare, muna cin kasuwa ɗaya, muna aiki a asibiti da makaranta ɗaya, ya kamata mu san abin da ya raba kan shugabanninsu.

Bari mu fara daga gida. A zamanin Turawan mulkin mallaka an taƙaita aikin 'yan mishan a masarautun Musulmi, har da tamu ta Katagum, wadda hedkwatarta ta dawo Azare a 1916. Shi ya sa coci ya daɗe bai yi ƙarfi a wannan yanki ba. A 1990 ne ɗarikar Angilika ta Najeriya ta naɗa sababbin bishop-bishop don wasu garuruwan Arewa. Biyu daga cikinsu su ne za mu riƙe a wannan tarihi: Emmanuel Chukwuma, bishop na farko a Bauchi, da Josiah Idowu-Fearon, bishop na farko a Sakkwato.

Ɗarikar Angilika tana da wani babban taro na bishop-bishop ɗinta na duniya, ana kiransa taron Lambeth, ana yin sa a Ingila kusan duk bayan shekara goma. A zaman 1998 aka kawo maganar gaban taro. Bishop 526 suka amince da ƙuduri, 70 suka ƙi, 45 suka ƙaurace. Ƙudurin yana da ɓangare biyu. Na farko ya ce aure na namiji da mace ne, kuma tarayyar jinsi ɗaya ba ta dace da Littafi Mai Tsarki ba. Na biyu ya ce za a saurari waɗannan mutane, a tabbatar musu Allah Yana ƙaunarsu, kuma duk wanda aka yi wa baftisma yana kuma riƙe da bangaskiya cikakken ɗan ikilisiya ne. A wajen wannan taro ne Chukwuma, wanda a lokacin ya koma Enugu, ya yi ƙoƙarin ɗora hannu a kan wani mai fafutukar 'yancin masu neman jinsi, Richard Kirker, don yi masa addu'ar korar aljanu a gaban 'yan jarida. Hoton ya zaga duniya.

Tun daga ranar, kowane ɓangare ya riƙe rabin ƙudurin da ya yi masa daɗi. A watan Nuwamba 2003 reshen Amurka ya naɗa Gene Robinson bishop na New Hampshire, alhali yana zaune a fili da namiji abokin zamansa. Shugaban Angilika na Najeriya a lokacin, Peter Akinola, ya yanke hulɗa da su. A 2005 cocin Najeriya ya gyara tsarin mulkinsa, ya cire maganar da ta ɗaure shi da kujerar Canterbury, uwar ɗarikar. A 2006 aka naɗa Martyn Minns bishop a Abuja don ya kula da ikilisiyoyin Amurka da suka ɓalle suka nemi inuwar Najeriya. Duniya juyi-juyi: ƙasar da aka kawo wa mishan ita ce ta koma tana tura bishop Amurka. A 2008 bishop-bishop na Najeriya suka ƙaurace wa Lambeth, suka haɗu da masu ra'ayi irin nasu a birnin Ƙudus, aka kafa ƙungiyar GAFCON. Benjamin Kwashi na Jos ya zama babban sakatarenta a 2019.

Shi kuwa Idowu-Fearon, wanda ya bar Sakkwato ya koma Kaduna, wata hanya ya bi. Bai yarda da auren jinsi ba, amma ya fito ya ce bai goyi bayan a mai da waɗannan mutane masu laifi a ɗaure su ba. Wannan magana tana da nauyi, domin a Janairu 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi. A 2015 aka ba Idowu-Fearon babban sakataren Angilika ta duniya, ya riƙe har 2022, amma cocin ƙasarsa ya fito ya ce ba da yawunsa ya karɓa ba. Bishop biyu, shekarar naɗi ɗaya, Arewa ɗaya, kowa da inda ya fuskanta.

Saɓanin bai lafa ba. Henry Ndukuba, wanda ya daɗe yana bishop a maƙwabciyarmu Gombe, ya zama shugaban Angilika na Najeriya a 2020. A 2021 shugaban Canterbury, Justin Welby, ya soki wasu kalamansa kan masu neman jinsi, ya ce sun zubar da mutuncin ɗan Adam. A Fabrairu 2023 cocin Ingila ya yarda a yi wa irin waɗannan ma'aurata addu'ar albarka, sai GAFCON ta zauna a Kigali a watan Afrilu ta ce ba ta ƙara amincewa da jagorancin Canterbury. Katolika ma ba su tsira ba: a Disamba 2023 fadar Fafaroma Francis ta ba da damar sa albarka ba tare da ɗaurin aure ba, bishop-bishop na Najeriya da na Afirka suka ce ban da ƙasashensu.

Inda abin ya fi muni shi ne ɗarikar United Methodist, wadda tushenta a Najeriya yake ƙasar Muri. A 2024 babban taronta a Charlotte ta Amurka ya ɗage haramcin da ya daɗe a littafinta. A watan Yuli Bishop John Wesley Yohanna ya fice ya koma Global Methodist da magoya bayansa. Waɗanda suka tsaya suka zaɓi Ande Emmanuel. Abin lura a nan shi ne, ɓangarorin biyu duk sun ce a Najeriya aure na namiji da mace ne. Abin da ya raba su shi ne ko za a ci gaba da zama inuwa ɗaya da Amurkawa, da kuma wa zai riƙe gine-gine da makarantu. A Disamba 2024 rikici ya ɓarke a Munga Dosso, ƙaramar hukumar Karim Lamido, aka rasa rai uku, biyu daga ciki ƙananan yara. Yaran nan ba su san Charlotte ba, ba su san me aka ƙulla a can ba.

To, mene ne namu a ciki? Na farko, mu daina yi wa maƙwabtanmu Kiristoci kuɗin goro. Abin da wani coci ya zartar a Amurka ba shi ne ra'ayin mai ɗinki ko malamar asibitin da ke unguwarmu ba. Na biyu, mu lura da yadda zargin goyon bayan neman jinsi ya zama makami, ana jifan abokin hamayya da shi don a ƙwace kujera ko fili. Harshe ya fi takobi kaifi, kuma a wannan zamani na Facebook da WhatsApp ƙazafi ɗaya ya isa ya tara wa mutum taron da ba zai fita da rai ba. Mu ma mun san ɗacin rabuwar kai a cikin gida ɗaya, mun ga 'yan uwa sun daina gaisawa saboda bambancin fahimta. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya zaunar da ƙasar Katagum da Najeriya lafiya, amin.