Tarihin Majalisar Dokokin Nijar da Amanar Masu Zaɓe a Ƙasar Adar

Tabotaki ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Buza, cikin jihar Tawa a ƙasar Adar, maƙwabciyar Keita da Madawa. Kafin juyin mulkin 2023, mutanenta na zaɓen ƴan Majalisar Dokoki, waɗanda ake kira depite, amma ba su da kujerar da za su nuna su ce tasu ce. A lokacin, jihar Tawa mazaɓa ɗaya ce, ban da mazaɓar musamman ta Tassara. Jam'iyya ke tsara jerin ƴan takara, mai zaɓe ya jefa wa jam'iyyar ƙuri'a, sannan a raba kujeru gwargwadon abin da kowace ta samu. Manomin gero ko albasa yakan san launin jam'iyyarsa da tambarinta fiye da yadda ya san sunayen da ke cikin jerin.

A zamanin Shugaba Diori Hamani, bayan haramta jam'iyyar Sawaba a 1959, jam'iyyar PPN-RDA kaɗai ke cikin majalisa, Boubou Hama yana shugabancinta har juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilu 1974. Shekara goma sha biyar ƙasar ba ta da majalisa, kuma wadda aka zaɓa a 1989 ta jam'iyyar MNSD ce zalla. Babban Taron Ƙasa na 1991 ne ya buɗe ƙofa ga takarar jam'iyyu da yawa. A zaɓen Fabrairu 1993 jam'iyyu suka yi takarar kujeru 83, ɗan Adar Mahamadou Issoufou ya zama firaminista, jihar Tawa kuma ta zama gidan jam'iyyarsa ta PNDS Tarayya.

Murnar ba ta daɗe ba. Ƙawancen da ya kafa gwamnati ya watse a 1994, aka rusa majalisa, zaɓen Janairu 1995 ya ba ƴan adawa rinjaye. Shugaba Mahamane Ousmane da firaminista Hama Amadou suka yi shekara guda suna zaman doya da manja, har Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da su ranar 27 ga Janairu 1996. Talakawa da yawa sun fita daga wannan rikici da ra'ayin cewa ƴan siyasa kujera suke yi wa faɗa, kuma yana da wuya a ga laifinsu.

Gyare-gyaren da suka biyo baya kowanne ya nufi wani ciwo. Tsarin mulkin 1999 ya toshe sauya sheƙa: depite da ya bar jam'iyyarsa ya bar kujerarsa, mataimakinsa ya hau. Dokar shekarar 2000 ta ware wa mata kashi 10 cikin ɗari na muƙaman zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019. Wannan ya yi tasiri a fili, domin mace ɗaya ce a majalisar 1999, a ta 2004 kuwa sun kai 14 cikin 113. Hana sauya sheƙa ya kare ƙuri'ar mai zaɓe daga ciniki, sai dai ya ƙara ɗaure depite ga shugabannin jam'iyya a Yamai, waɗanda su ke sa suna a jeri, su ke cirewa.

Majalisar 2004 ta nuna ƙarfinta da rauninta a cikin shekara biyu. Ranar 31 ga Mayu 2007 ta kayar da gwamnatin Hama Amadou da ƙuri'ar yanke ƙauna, a kan badaƙalar kuɗin ilimin firamare. A 2008 kuma ta amince da dokar alawus da alfarmomin mambobinta, Kotun Tsarin Mulki ta ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki, ƙungiyoyin farar hula suka fito zanga-zanga. Ƙasar ba ta gama farfaɗowa daga yunwar 2005 ba, wadda ta gallabi jihar Tawa ƙwarai. Ƴan majalisa kan ce kuɗin ba ya kwana a aljihunsu, kuma akwai gaskiya a ciki: da asuba ƙofar gidan depite cike take da mai takardar magani, da mai suna, da mai neman kuɗin mota zuwa cin rani. Amma wannan hidima ba ta maye gurbin sa ido a kan gwamnati, kuma mutanen ƙauyen da ke nesa da gidansa ba sa ganin ko ɗaya daga ciki. Da Shugaba Tandja Mamadou ya rusa majalisar ranar 26 ga Mayu 2009 don share hanyar tazarce, mutuncinta ya riga ya zube a idon jama'a.

Bayan juyin mulkin Salou Djibo na 18 ga Fabrairu 2010, sabon tsarin mulki ya shar'anta cewa kashi 75 cikin ɗari na kowane jeri su kasance masu takardar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare. An yi haka ne don rage alhazan ƴan kasuwa da ke ɗaukar nauyin jam'iyyu su samu kujera. Kafin zaɓen Janairu 2011 an soke jerin jam'iyyu da dama saboda ƙa'idojin takara. A yanki irin Adar, inda karatun allo ya fi boko yaɗuwa tsakanin dattawa, ƙa'idar ta rufe ƙofa ga mutanen da ake jin maganarsu a gari, ta buɗe wa ma'aikatan da yawancinsu ke zaune a birni.

A 2016 kujeru suka kai 171, biyar daga ciki na ƴan Nijar mazauna ƙetare. Amma a wancan lokaci hukumar zaɓaɓɓu da ta fi kusa da mutanen Tabotaki ita ce majalisar ƙaramar hukumarsu, wadda aka fara zaɓa a Yulin 2004, inda kansila maƙwabci ne da ake haɗuwa da shi a kasuwa da masallaci. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya rusa Majalisar Dokoki, a 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, a 2025 aka rusa jam'iyyu. Majalisar shawara da aka kafa a wannan shekarar, mambobinta naɗa su aka yi.