Kada Ki Sayar Da Keken Baba

'Yar uwa, tsohon keken nan da ke jingine a zaure ko bayan rumbu, kada ki yi saurin miƙa shi ga 'yan gwangwan. Tsaya ki duba goshinsa tukuna. In kin ga tambari mai kan zalɓe, to Raleigh ne, kamfanin da ya faro a birnin Nottingham na Ingila wajen 1887, bai daina ƙira a can ba sai 2002. Har a Kano ya taɓa kafa masana'anta.

A zamanin iyayenmu, a garuruwa irin su Lafagu ta ƙasar Bagudo, mai Raleigh ba ƙaramin mutum ba ne. Da shi ake kai gero kasuwa, da shi ake zumunci har ƙetaren iyakar Benin. Da darajar naira ta faɗi a 1986, sabo ya gagari talaka, aka koma wa masu rahusa irin su Phoenix na ƙasar Sin. Daga baya babur ya ture su duka.

Kina son sanin shekarunsa? In mai giya ne, a goge cibiyar ƙafar baya, kamfanin Sturmey-Archer kan buga wata da shekara a jikinta. Gyaransa kuwa ba wuya: a wanke sarƙa da kananzir, a sa giris, a canja taya da robar birki. Amma don Allah kada mai fenti ya shafe tambarin nan, shi ne shaidarsa.

Keken da ya ɗauki kaka zai kai jika makaranta. Da tsohuwar zuma ake magani.