Yunwar Dogon Hutu: Tarihin Ciyar da Yara a Birnin Bradford na Ingila

A ƙarshen watan Yuli na kowace shekara makarantun Ingila sukan rufe na kimanin mako shida. Yaron da iyayensa ke da hali yakan yi murna da wannan hutu. Amma wanda abincinsa mafi ƙarfi na yini daga makaranta yake samunsa, ranar da aka rufe aji ita ce ranar da aka sauke masa tukunya. Wannan matsala ta haura shekara ɗari, kuma Bradford, a arewacin Ingila, yana cikin garuruwan da aka fara auna ta da sikeli.

Bradford garin masaƙun ulu ne, cike da leburori masu ƙaramin albashi. Da dokar 1880 ta wajabta wa iyaye kai yara makaranta, sai yunwar da ke ɓoye a lunguna ta bayyana a gaban malamai. Waɗanda suka fara ɗaukar nauyin masu sa kai ne. A 1890 aka kafa ƙungiyar Cinderella Club ta Bradford, tana tara taro da sisi daga jama'a, tana ciyar da yaran talakawa tana tufatar da su. A 1894 aka zaɓi Margaret McMillan cikin hukumar makarantun birnin, ta tsaya a kan cewa zalunci ne a tilasta wa yaro karatu da ciki wayam. Gwamnatin ƙasa ba ta motsa ba sai bayan Yaƙin Bowa (1899 zuwa 1902), lokacin da aka tarar da yawa daga cikin samarin da suka zo shiga soja ba su da ƙoshin jikin da ake bukata. Tsoron rasa mayaƙa ya yi aikin da tausayi ya kasa yi, aka zartar da dokar ciyarwa ta 1906.

A nan akwai abin lura ga ɗalibin usulul fiƙhi. Dokar ta halatta wa ƙananan hukumomi ciyarwa, ba ta wajabta ba, ta kuma iyakance harajin da za a ɗora domin haka ga sisin kwabo a kowane fam. Abu mafi muhimmanci shi ne illar da ta rataya hukuncin a kanta: yaron da za a ciyar shi ne wanda rashin abinci ya hana shi amfana da karatun da ake ba shi. Hukunci kuwa yana bin illarsa, idan ta kau ya kau. Ranar da babu karatu, babu hujjar kashe kuɗin haraji a kan abinci. Don haka lokacin hutu ya faɗa waje da doka, duk da cewa ciki bai san hutu ba.

Shekarar da ta biyo baya likitan makarantun Bradford, Ralph Crowley, ya yi gwajin da ya shahara. Daga watan Afrilu zuwa Yuli na 1907 aka riƙa ba yara kimanin 40 karin kumallo da abincin rana, ana auna nauyinsu a kai a kai, ana kwatanta su da wasu yaran da ba a ciyar ba. Karin kumallon fate ne na hatsin da Turawa ke kira ot, da madara da burodi. Nauyin yaran ya hau da sauri tun makon farko. Da gajeren hutun watan Mayu ya zo aka dakatar da girki, sai ya sauka. Aka koma makaranta ya sake hawa, dogon hutu ya sake mayar da shi baya. Zanen da ya nuna wannan hawa da sauka hujja ce da ba ta bukatar dogon bayani. A watan Oktoba na wannan shekara birnin ya buɗe babban kicin a makarantar Green Lane, ana raba dafaffen abinci daga can zuwa unguwanni. Duk da haka sai a watan Agustan 1914, ana shiga Yaƙin Duniya na Farko, aka gyara doka ta yarda a ciyar ko a ranakun hutu. Ɗan majalisar Bradford, Fred Jowett, yana cikin waɗanda suka daɗe suna fafutukar wannan gyara. Ita ma izini ta bayar kawai. Hukumar da ta ga dama ta yi, wadda ba ta ga dama ba ta bari.

Dokar ilimi ta 1944 ta wajabta abincin makaranta, ta 1980 ta sassauta wajabcin ta bar shi ga yaran gidaje masu karɓar tallafi. Lokacin hutu dai ya zauna ba mai shi.

A tsakanin nan fuskar Bradford ta canza. Tun daga shekarun 1950 Musulmi, galibinsu daga yankin Mirpur na Kashmir, suka zo aikin dare a waɗannan masaƙu. A 1981 aka kafa majalisar masallatan birnin, kuma ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen gundumar Musulmi ne. Jikokinsu suna cikin masu jin yunwar hutu, suna kuma cikin masu dafawa. Wannan ya kawo tambayoyin da littattafan fiƙhu suka riga suka tattauna. Jumhurun malamai sun tafi a kan cewa zakka ba a ba matalaucin da ba Musulmi ba, sadakar nafila kuwa ƙofarta a buɗe take ga kowa. Saboda haka tukunyar da ke ciyar da duk yaron unguwa ba tare da tambayar addininsa ba, daga sadaka ya kamata a cika ta. Haka kuma Malikiyya sun ƙarfafa raba zakka a inda aka karɓe ta, abin da ke tunatar da mai aika dukkan zakkarsa ƙasar kakanni cewa akwai mabukaci a bayan katangarsa. Gidauniyar National Zakat Foundation, wadda aka kafa a 2011, a kan raba zakka cikin Birtaniya ta tsayar da aikinta. Ibn Hazm ya wuce nan a cikin al-Muhalla, inda ya ce mawadatan kowane gari wajibi ne su ɗauki nauyin talakawansu, kuma shugaba ya tilasta musu idan zakka ba ta wadatar ba. Illar da ya kafa a kai ita ce bukatar mutum, wadda ba ta ɗauke wa don an rufe makaranta.

A 2017 wani kwamitin 'yan majalisa ya ƙiyasta cewa yara har miliyan 3 na iya fuskantar yunwa a lokacin hutu a Birtaniya. Annobar korona ta fito da abin fili. A watan Yunin 2020 ɗan ƙwallon Manchester United, Marcus Rashford, wanda shi kansa ya ci abincin makaranta kyauta yana yaro, ya rubuta wa 'yan majalisa buɗaɗɗiyar wasiƙa. Cikin kwana biyu gwamnati ta janye matsayinta, ta ware kimanin fam miliyan 120 domin yara kusan miliyan 1.3, fam 15 a mako ga kowane yaro. A ranar 21 ga Oktoba majalisa ta ƙi tsawaita tallafin da ƙuri'a 322 a kan 261. Nan take masu gidajen abinci, da masallatai, da coci-coci, da ƙananan hukumomi a faɗin ƙasar suka shelanta cewa duk yaron da ya zo zai ci. Abin yabo ne, sai dai irin wannan ciyarwa ta dogara ga unguwar da yaro ya tsinci kansa, da ƙarfin aljihun maƙwabta, da kuma ko mahaifiyarsa za ta iya haɗiye kunya ta je ta karɓa.

A watan Nuwamba gwamnati ta sake ja da baya. Shirin abinci da wasanni na lokacin hutu, wanda aka fara gwadawa a 2018, aka faɗaɗa shi zuwa duk Ingila a 2021 da kimanin fam miliyan 220. Kuɗin na gwamnati ne, girkin kuwa yawanci ƙungiyoyin unguwa ke yi, kamar yadda Cinderella Club ta fara. Ma'aunin shirin a dogon hutu shi ne awa huɗu a rana, kwana huɗu a mako, na tsawon mako huɗu: kwana 16 ke nan cikin hutun da ya kai kwana 42.