Fitilar Lava da Ƙwan da Doka Ta Kora Daga Kasuwa

Idan ka taɓa ganin fitilar lava, doguwar kwalbar nan da wani curi mai launi ke hawa da sauka a cikinta, ka san ba don haske ake sayenta ba. Wani ɗan Ingila, Edward Craven Walker, shi ya fito da ita a 1963 da sunan Astro, bayan ya ga wata na'urar auna lokacin dafa ƙwai a wata mashaya. Kamfaninsa na garin Poole, wanda ya koma Mathmos a 1992, har yau yana ƙera ta.

Curin nan kakin kyandir ne da aka haɗa da sinadari don ya ɗan fi ruwan kwalbar nauyi. Ƙwan fitilar da ke gindi kuwa shi ne murhu. Idan ya ɗumama kakin, sai ya narke, ya buɗe, ya koma bai kai ruwan nauyi ba, ya taso. Da ya isa sama ya huce, sai ya sake nutsewa. Shi ke nan fa, ba inji ba fanka.

To, ga inda gizo ke saƙar. Tsohon ƙwai mai zaren tungsten, kusan kaso 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama. A falonka wannan asara ce, amma Walker a kan asarar ya gina fitilarsa. Da gwamnatoci suka tashi tsimin lantarki, wannan ƙwan suka fara kora. Tarayyar Turai ta janye shi daga kasuwa daki-daki tsakanin 2009 da 2012, Amurka kuma ta fara aiki sosai da tata dokar a Agustan 2023. An ɗaga wa wasu ƙananan ƙwayaye ƙafa, irin na cikin firji da tanda, sai dai kantuna sun riga sun cika da LED.

Ka saka LED, za ta haska kwalbar tas, kakin kuwa ya kwanta abinsa kamar tuwon jiya. A ganinmu dokar ta yi daidai, ita dai fitilar ce tsautsayi ya rutsa da ita.

Saboda haka idan ƙwanka ya mutu, kar ka jefar da shi, tafi da shi kanti a gwada mazaunin, don na Turai da na Amurka ba faɗinsu ɗaya ba. Duba adadin wat da aka rubuta a gindin fitilar, yawanci 25 zuwa 40. Ka rage, kakin ba zai motsa ba. Ka ƙara, zai taru a sama, ruwan ma yana iya gurɓata. Sannan ƙwan Amurka na bolt 120 ne, wutarmu ta Najeriya da Nijar ta haura 200, kana kunna shi zai ƙone.