Wace Kwanbatar Ake Nufi?

A garejin kanikawa babu kalmar da ta kai "giya" cin kuɗin mai mota. Mota ta ƙi ja, giya ce. Tana karkarwa a kan titi, giya ce. Daga nan sai ka ji an ce, "Alhaji, sai dai a ɗauko wata Beljiyam a Ƙofar Ruwa." Alhali abin da muke kira giya a mota otomatik tarin abubuwa ne, kowanne da sunansa da irin larurarsa.

Ɗaya daga ciki ita ce tok kwanbata, wani dunƙulallen ƙarfe cike da man giya da ke zaune tsakanin inji da giyabos, a gurbin da kuloci yake a motar hannu. Ruɗanin ma daga sunan yake farawa, domin kwanbata biyu ce a mota. Akwai ta cikin salansa mai tace hayaƙi, wadda kanikawan Najeriya suka laƙaba wa "indomi" saboda kamannin cikinta. Idan ta toshe ita ma tana kashe wa mota ƙarfi, shi ya sa wanda aka ce wa kwanbatarsa ta lalace ya kamata ya tambayi wacce.

"Tok" na nufin ƙarfin juyi, wato ƙarfin da ke murɗa ƙarfe ya juya taya. Injiniyan Jamus Hermann Föttinger ne ya yi rajistar fasahar a 1905, kuma jiragen ruwa ya yi wa ita. Misalinta fanka biyu ne suna fuskantar juna: ka kunna ɗaya, iskarta ta juya ɗayar, sai dai a nan mai ne a madadin iska. Amma wannan kaɗai bai sa ta cancanci sunan kwanbata, wato mai sauya ƙarfi, ba. Giyar Hydra-Matic ta motar Oldsmobile ta 1940 iyakarta ke nan, tana miƙa ƙarfin inji yadda ya zo. Abin da ya kawo bambanci wata ƙaramar farfela ce ta uku a tsakiya, mai suna siteta, wadda ke karkato man da ya dawo ya sake tura farfelar farko. Da ita ƙarfin juyi kan ninka kusan sau biyu lokacin tashi, kamar yadda aka gani a Buick Dynaflow ta 1948.

Wanda ya fahimci wannan ya sami rabin ganewar ciwon. Idan abin da ke riƙe siteta ya sake, mota za ta yi nauyi ƙwarai wajen tashi, amma da ta ɗauki gudu sai ta tafi lafiya lau.

Sai kalmar "silif", wato zamewa, wadda a ganina ta fi kowacce ɓatar da mutane. Ɗan zamewa tsakanin farfelun nan biyu halitta ce ta kwanbata, shi ne ma ke ba ka damar taka birki a cikin giya inji bai mutu ba. Zamewar faiba kuwa, wato faifan kulocin cikin giyabos, cuta ce: inji na ihu, mota ba ta tafiya, mai ya yi baƙi yana warin ƙuna. Kalma ɗaya, abu biyu, kuɗin gyara daban.

Akwai kuma kuloci a cikin kwanbatar kanta, mai haɗe inji da giya idan an miƙe hanya don rage shan mai. Shi ne kan kawo karkarwar da ake ji wajen gudun kilomita 60 zuwa 80. Riƙe totur yadda yake, ka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu. A yawancin motoci kulocin zai saki, idan karkarwar ta ɗauke to zargi ya koma kansa, ko da yake mataccen fulogi ko kwayil ma na kawo irinta. Na'urar bincike kan nuna P0740 ko P0741, kuma lambar ba hukuncin kisa ba ce ga kwanbata, don tana iya zama waya, solenoyid ko man da bai dace ba, kamar a zuba Dexron inda Toyota ta ce WS.

Don haka kafin ka yarda a sauke giyabos, ka ce wa bakanike, "Malam, wane abu ne a ciki, kuma me ya nuna maka shi ne?"