Kilim ɗin tsohuwar Mercedes da yaron da ya iya karatu

Motar da mahaifinmu ya bar mana a Tunuga Mercedes ce 240D mai shan gazuwal, ƙirar 1983. Injinta lafiya lau, amma kilim ɗinta, wato na'urar sanyaya mota da ƴan uwanmu na Kamba ke kira esi, ya daɗe da mutuwa. A bazarar da zafi ya wuce digiri 40, ga shi ina kai tsohuwarmu asibiti Gaya kowane mako, sai na ga gyaran ya zama dole.

Wanda na fara kai wa bai tambayi komai ba. Ya ɗura gas, ya karɓi kuɗinsa. Sanyi ya zo, amma bai yi wata ɗaya ba kwamfireso ya fara ƙara, daga nan ya ƙame. A gareji na biyu maigidan yana cikin dubawa sai wani yaronsa ya goge wata takardar ƙarfe da ke ƙarƙashin bonet, ya ce, "Maigida, nan R12 aka rubuta, amma kwalbarmu R134a ce." Maigidan ya juyo ya ce da ni, "Malam, ka ji inda matsalar take. Gas ɗin zamani aka zuba wa motar da."

Wannan ƴar lamba doguwar hanya ta biyo kafin ta iso Gaya. Wajen 1930 masana a Amurka, cikinsu har da Thomas Midgley, suka fito da gas ɗin R12, wanda aka sayar da sunan Freon. An yi murna da shi domin ba ya kama wuta, ba shi kuma da dafi kamar na da. Kamfanin Packard ya fara sa kilim a mota a 1939, kuma shekaru da dama R12 ne ke cikin kusan kowace mota da firij.

A 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka yi gargaɗi cewa irin wannan gas, idan ya tsere sama, yana cinye ozon, wato lemar da ke tare mana mugun hasken rana mai jawo ciwon fata da yanar ido. A 1985 masu bincike na Birtaniya suka sanar da cewa lemar ta ɓule a saman Antatika. Shi ya sa ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987. Ƙasashe masu arziki suka daina yin R12 kafin ƙarshen 1995, masu tasowa irin namu aka ba su wa'adi zuwa 2010. Kamfanonin mota kuwa tun farkon shekarun 1990 suka koma R134a.

Ga inda abin ya shafe mu. Motocin da Turai ta gaji da su ba ta binne su ba, jirgin ruwa ta ɗora wa zuwa Kwatano. Daga can suka hau hanya zuwa Malanbil, suka tsallaka gadar kogin Kwara suka shigo Gaya, wasu suka nufi Dosso da Yamai, wasu suka karkata Najeriya. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, farashin kayan waje ya ninka, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, ƴar Kwatano ta zama gatan kowa. Muka gaji motocin, amma ba wanda ya aiko mana da bayanin abin da ke cikinsu.

Bayanin kuwa ba shi da wuya. Kwamfireso yana juyawa ne da bel daga inji, kuma mai na tafiya tare da gas yana shafa shi. Man R12 ba ya narkewa cikin R134a, don haka sai ya kwanta wuri ɗaya, kwamfireso ya bushe ya ƙone. Gyaran gaskiya shi ne a wanke tiyo, a canja robobin haɗi da tukunyar da ke tsotse danshi, a zuba man da ya dace, a zuƙe iskar ciki kaf, sannan a auna gas da sikeli, ba da ido ba. Tsohon injin gazuwal kuma yana da jijjiga, ita ke kwance haɗi ta sa yoyo. Masu ɗura gas ɗin girki don araha kuwa, su ji tsoron Allah, wuta suke ajiyewa kusa da ƙafar fasinja.

Labarin bai ƙare ba. An gano R134a yana ɗumama duniya, aka yi gyaran Kigali a 2016, kuma daga 2017 Tarayyar Turai ta hana shi a sababbin motoci, yawancinsu suka koma R1234yf. Su ne ƴan Kwatanon gobe. Tun da aka rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kayan gyara suka ƙara tsada, kuskure ɗaya yana iya cinye albashin wata.

Na tambayi yaron nan inda ya tsaya a karatu, ya ce ya gama firamare kafin a kawo shi gareji. Shekara shidan nan su suka cece ni daga asara ta biyu. Iyaye, idan za mu kai yaro koyon sana'a, kada mu cire shi daga aji kafin ya iya karanta lamba da awo. Malamai kuma, darasin iska da zafi ba sai a allo kaɗai ba, akwai shi a garejin bakin tasha. Ranar da muka koma asibiti da gilashi a rufe, tsohuwarmu barci ta yi tun daga Tunuga har Gaya.